Shatar Kwale-kwale Ba Shatar Mota Ba Ce

Ran Asabar ɗin da ta wuce na sauka kasuwar Farin Gada da sassafe don in yi wa iyali cefanen mako, kamar yadda na saba. Duk wanda ya san Jos ya san wannan kasuwa, inda ake sauke tumatir da kabeji da karas da koren wake, a kuma yi lodinsu zuwa garuruwan Kudu. Ina cikin tayin wani ɗan kwandon tumatir sai wani saurayi dillali, wanda muka daɗe muna gaisawa, ya jawo ni gefe. Ya fito da wayarsa ya nuna mini hoton wani tsibiri na Zanzibar, ga farin rairayi, ga ruwa garai-garai, ga wani ɗan jirgi ɗaure a gaɓa.

Ya ce, "Malam, ku 'yan jarida ba inda ba ku shiga. Bayan Babbar Salla za a ɗaura mini aure, ina so in kai amarya irin wannan wuri mu kwana biyu. Kuɗin Zanzibar dai ba ni da shi. Ashe duk faɗin ƙasar nan babu tsibirin da mutum zai ɗauki shatar ɗan jirgi ya kai shi?"

Maigidansa, wani dattijo da ke zaune a kan benci yana lissafi, ya ɗaga kai ya ce, "Kai yaro, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Kai da ko a Dilimi ba ka taɓa wanka ba?" Aka bushe da dariya. Saurayi ya ce, "Baba, ai shata zan ɗauka. Ni da kullum nake ɗaukar shatar mota zuwa Legas, mene ne abin wuya?"

Na yi masa alkawarin zai sami amsa a wannan fili, don maganar tana da tsawo, kuma na tabbata ba shi kaɗai ke da wannan sha'awa ba.

Da farko dai ban ga laifin burinsa ba. Mutumin da ke tashi tun asuba yana fama da manoma da direbobi da 'yan dako, shekara ta zagayo bai huta ba sai ranar Salla, in ya ce zai ɗauki iyalinsa su je su ga wani ɓangare na ƙasarsu, ai sai a sa masa albarka. Tafiya mabuɗin ilmi ce. Abin da na ga ya kamata a gyara shi ne zaton da yake yi cewa shatar jirgi da shatar mota duk ɗaya ne.

Mu mutanen Jos sha'aninmu da ruwa abin mamaki ne. Muna zaune a kan tudu mai bisan mita 1,200 ko fiye, kuma daga nan manyan koguna suke tasowa. Kogin Kaduna daga Filato ya faro har ya faɗa Kwara. Gongola daga nan ta taso har ta haɗu da Binuwai a Numan. Ruwan Dilimi ma, wanda masu lambu ke ban ruwa da shi, shi ne ke gangarawa ta ƙasar Bauchi ya bi kogin Jama'are, ya shiga Yobe, ya nufi tafkin Chadi. Amma duk da haka yawancinmu ba mu iya iyo ba. Ruwan da muka sani shi ne na kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, kuma tun muna yara iyaye ke tsoratar da mu a kansu, da gaskiyarsu. Wanda ya taɓa shiga jirgi a cikinmu, galibi a wurin shaƙatawa na Rayfield ne, inda za a zagaya da shi a dawo da shi kafin lemonsa ya huce. Sunan unguwar ma ya faɗi halinmu: mu masu ƙetare ruwa ta kan gada ne.

To, ina tsibiran suke? Na tafkin Chadi dai a bar maganarsu, domin tun da rikicin Boko Haram ya game wannan yanki, har aka yi wa Baga mummunan hari a watan Janairu na 1915 da ɗari, watau 2015, ba wurin da mai hankali zai kai amarya ba ne. A Legas akwai gaɓar Tarkwa Bay, wadda ba a zuwa sai ta jirgi. Amma wanda yake son inda za a yi masa magana da harshensa, a ba shi tuwo da miyar kifi, sai ya dubi ƙasar Yawuri a Jihar Kebbi. A can kogin Kwara ya buɗe ya zama tafkin Kainji, kuma tsibiri a bakin mutanen wurin sunansa gungu. Daga nan ne ma aka sami sunan Gungawa, watau mazauna gungu, waɗanda su da kansu suke kiran kansu Reshe.

An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Tafkin da ta tara ya kai faɗin murabba'in kilomita 1,300 ko kusa da haka, kuma an tayar da mutane wajen 44,000 daga garuruwansu aka sake musu matsuguni. Tsohon garin Busa, inda Bature mai yawon bincike Mungo Park ya halaka a ruwa a 1806, yana ƙarƙashin tafkin yanzu. Babban gungun Foge ma ruwa ya ci mafi yawansa, abin da ya rage kuwa ya zama matattarar tsuntsaye, har a 2008 aka sa shi cikin jerin fadamun da duniya ta yarda a kiyaye. Na kawo wannan tarihi ne don mai shata ya san abin da ke ƙarƙashinsa. Ƙasa ce da dā take da gonaki da itatuwa, ruwa ya rufe ta, kuma har yau kututturan suna nan tsaye a ciki. In ruwa ya cika ba a ganinsu, in ya ja baya sai su matso kusa da cikin jirgi.

A farkon 2020, cikin sanyi, ofishinmu ya aike ni Yawuri tare da mai ɗaukar hoto don mu rubuta labarin masunta. Muka sauka bakin ruwa a Yelwa da hantsi, muka yi ciniki da wani matuƙi a kan zai kai mu wani gungu, ya jira mu, ya dawo da mu. Jirgin na katako ne, dogo, da inji a gindinsa. Muka biya kuɗin jirgi ɗungum, mu biyu, da shi da yaronsa.

Kafin ya tayar da inji sai ga wata tsohuwa da ƙullin kayanta, ta ce, "'Ya'yana, don Allah ku rage mini hanya." Wa zai hana? Na ce, "Bisimilla, Iya." Tana zama sai ga 'yarta da goyo da buhun gari. Bayansu wani malami da almajirai uku. Sa'an nan wani ya gangaro da babur, matuƙi ya ce ƙaninsa ne. Kowane ɗaya in ya zo ni ake duba, domin an ce ni ne mai shata, ni kuwa kara ta hana ni buɗe baki. Da na ƙirga sai na ga mun haura ashirin, ban da kaya. Na sa hannu a gefen jirgi, na ga tsakanin bakinsa da ruwa bai fi tsawon tafin hannuna ba.

Muka tashi. Da muka kai tsakiya iska ta ɗan motsa, ruwa ya fara tsallakowa ciki, yaron jirgi ya duƙufa kwalfewa da wani yankakken galan. Ba wanda ke da rigar kariya, watau rigar nan da ke hana mutum nutsewa, har ni mai shata. Tsohuwa tana ta salati. Abokin tafiyata ya rungume jakar kyamara ya rufe ido. Allah ya sa kwananmu na gaba, muka isa lafiya. Da muka sauka na ce wa matuƙi, "Malam, me ya sa ka ɗebi mutane haka?" Ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, ai jirgin naka ne yau. Da ka ce ya isa, da ya isa."

Wannan amsa ta daɗe tana yi mini yawo a ka, kuma ita ce abin da nake so angonmu na Farin Gada ya riƙe. A kasuwa in ka ɗauki shatar mota, direba ya ɗora mutum biyu a kan kwanduna, ka kan kau da kai, don mutunci. In motar ta lalace a Lakwaja, sai ku sauka ku zauna a gindin itace, asarar da za a yi ta tumatir ce. A ruwa babu gefen hanya. Abin da kuɗin shata ke saya wa mutum a ruwa shi ne ikon ya ce mutum kaza za su shiga, ƙarfe kaza za a tashi, kuma ba za a tashi ba sai kowa ya sa riga. Wanda ya biya kuɗin sa'an nan kunya ta hana shi amfani da wannan iko, ya shiga jirgin haya ne da tsada.

Shekara guda da 'yan watanni bayan wannan tafiya tawa, ran 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja zuwa Warra, a Ƙaramar Hukumar Ngaski, ya tarwatse a kan wannan ruwa. Hukumomi sun ce mutum wajen 180 ne a ciki, waɗanda aka ceto da rai kuwa kimanin ashirin ne. Ran 30 ga Nuwamba na wannan shekara, a madatsar Watari ta Bagwai a Jihar Kano, jirgi ya kife da 'yan makarantar Islamiyya da suka taso daga Badau za su Mauludi, aka rasa rai 29 ko fiye, yawancinsu yara. A watan Yuni na 2023 kuma, a ƙasar Patigi ta Jihar Kwara, mutum fiye da 100 suka halaka suna dawowa daga ɗaurin aure cikin dare. In aka duba waɗannan haɗurra za a ga dalilan ba su cika sauyawa ba: lodi fiye da kima, tafiyar dare ko ta almuru, tsohon jirgi, karo da itace, da rashin rigar kariya. Kada kuma a ce halin ƙasarmu ne kaɗai. Can Zanzibar ɗin da ke cikin wayar angonmu, a watan Satumba na 2011 wani babban jirgi mai suna Spice Islander da aka cika maƙil ya nutse a kan hanyar Pemba, ɗaruruwan mutane suka mutu.

Akwai hukumar da aka ɗora wa kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wadda ake kira NIWA, an kafa ta a 1997, hedkwatarta tana Lakwaja. Ƙa'idodinta sun hana tafiyar dare, sun hana lodi fiye da kima, sun kuma wajabta sa rigar kariya. Amma mashigan ruwa a ƙasar nan sun fi ma'aikatanta yawa nesa ba kusa ba. A yawancin wuraren da mutum zai shiga jirgi, in akwai mai tsayar da doka, to, shi ne wanda ya biya kuɗi.

Saboda haka ga shawarata ga ango da duk mai irin niyyarsa.

Na farko, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kana Jos ka nemi mutumin gari wanda ka amince da shi, ka tambaye shi lafiyar hanya da lafiyar wurin a wannan mako, ba a bara ba. Daga Jos zuwa Yawuri tafiyar yini ce cur, ta Minna da Kwantagora, kuma yankin ya sha fama da 'yan bindiga. A watan Yuni na 2021 ne aka sace ɗalibai a kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, dajin Kainji ma ya yi ƙaurin suna a 'yan shekarun nan. In mutanen gari suka ce a dakata, a dakata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na biyu, in ka isa bakin ruwa kada ka yi ciniki da wanda ya fara tarbarka. Nemi Sarkin Ruwa ko shugabannin ƙungiyar masu jirage, ka gaishe su, ka faɗi buƙatarka, su haɗa ka da matuƙin da ya san inda kowane kututture yake. Matuƙin da shugabanninsa suka miƙa maka ya san akwai wanda zai tambaye shi in ya dawo.

Na uku, ka ga jirgin da idonka da rana. Dubi cikinsa ko ruwa na tsattsafowa ta tsakanin katako. A tayar da inji a gabanka, a kashe, a sake tayarwa. Tambayi filafili da doguwar gora, don in inji ya mutu a tsakiya su ne za su fisshe ku. Ka tabbata man da aka ɗauka ya isa zuwa da dawowa har da ragi.

Na huɗu, a yanke magana a gaban shaidu: mutum nawa za su shiga, wa zai sayi mai, matuƙi zai kwana tare da ku ko zai dawo ɗaukarku, kuma yaushe. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mai ya zama babban kaso na kuɗin shata. Wanda ya matsa wa matuƙi ya karya farashi har ya rasa riba, shi da kansa ya tura shi neman fasinjan cike gurbi. Araha ba ta ado. Ka biya shi abin da zai ishe shi, rabi kafin tashi, rabi bayan an dawo, sa'an nan bakinka ya yi ƙarfin cewa ba za a ƙara kowa ba.

Na biyar, rigar kariya. Kada ka dogara da cewa za ka tarar a can. Saya taka da ta iyalinka tun daga birni, kowa daidai jikinsa, domin rigar babba in aka sa wa yaro, ruwa na iya zare shi daga ciki. A sa ta a ɗaure tun a gaɓa. Amarya ta sa tata a bisa hijabi, ta kuma tattare zane da mayafi yadda ba za su naɗe ta ba. Na san za a sami mai cewa ai ajali ba ya wuce lokacinsa. Haka ne, amma mai faɗin haka na ga yana kulle rumfarsa da kwaɗo biyu kowane dare, bai kuwa ce ya rasa tawakkali ba.

Na shida, lokaci. A tashi da safe, a shirya dawowa kafin la'asar, yadda ko an sami tangarɗa rana ba za ta faɗi kuna kan ruwa ba. Da damina hadari kan taso da yamma farat ɗaya, da hunturu kuma hazo kan rufe gaɓa har matuƙi ya kasa ganin inda ya nufa. In matuƙi ya dubi sama ya ce yau ba a tafiya, kada ka ce ai ka biya. A wannan kam maganarsa ce gaba da taka.

Na bakwai, ka tuna gungu garin mutane ne, ba masaukin baƙi na Turawa ba. Ba za ka tarar da otal ko lantarki ba. Abin da za ka tarar shi ne masunta da tarunansu, da gonakin albasa da shinkafa a bakin ruwa, da giwan ruwa da ƙarfasa da aka kamo yanzu, da dare mai tsit wanda mutumin Farin Gada bai taɓa jin irinsa ba. Ka fara da gaida mai gari, ka riƙa goro a hannu, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowa, balle mata. Ka tafi da ruwan sha da gidan sauro. Kada ganin yaran wurin suna iyo ya ruɗe ka ka faɗa, domin ban da zurfi akwai cutar tsargiya a irin wannan ruwa, akwai kuma dorina a wasu wurare. Ga wanda ke tafe da amarya, ya fi sauƙi a kwana a Yelwa, a yini a gungu, a dawo. In kuma aka dace da lokacin bikin Rigata, wanda Yawuri ta yi suna da shi, sai a ga tseren jirage da gwanintar iyo daga gaɓa.

Saura maganar tsohuwa mai ƙullin kaya, domin na san mai karatu zai ce, to, a bar ta a gaɓa ke nan? Ba na jin haka. Ita ba yawon shaƙatawa ta fito ba, gida za ta, kuma ba ta da wata hanya sai ruwa. Tun wajen ciniki ka tambayi matuƙi mutum nawa jirginsa ke ɗauka ba tare da ya nitsa ba, ka rage daga abin da ya faɗa, ka bar gurbin mutum biyu ko uku saboda irinta, da rigunansu. In gurbin ya cika, sauran ka biya musu kuɗin fito a jirgi na gaba. Ba zai kai kuɗin kwandon tumatir guda ba, ka yi alheri, ba ka kuwa jefa su cikin haɗari ba. Abin da na yi a 2020 na ɗauka kirki ne, alhali kuwa da jirgin ya kife, da ni ne sanadin tsohuwar da jikanta.

Ga hukuma kuma ina da roƙo. A rubuta adadin mutanen da kowane jirgi zai ɗauka a jikinsa da manyan lambobi, yadda ko wanda bai yi makaranta ba zai gane. A ajiye rigunan kariya a hannun ƙungiyoyin masu jirage, a riƙa ba da haya da kuɗi kaɗan. A sa Sarakunan Ruwa cikin aikin, domin su ake jin maganarsu a gaɓa. A kuma sa alama a hanyoyin da jirage ke bi, a cire kututturan da aka sani. In an yi haka, mutanen gungu da ke bin ruwa kullum don kasuwa da asibiti su ne za su fara cin moriya, baƙo mai hutu ya biyo baya da kuɗinsa.

Jiya na sake bi ta Farin Gada, na faɗa wa ango taƙaitaccen abin da zai gani a jarida. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, to ita amaryar fa, in ta ce tsoro take ji?" Na ce ya fara kai ta Rayfield, su sa riga su zagaya, in ta sauko tana dariya sai a yi maganar Yawuri, in kuwa ta sauko tana salati, to, dutsen Shere ma wurin hutu ne. Dattijon nan maigidansa ya ce shi dai gudummawarsa ta biki riguna biyu ce, kuma sai ya ga an gwada su a gabansa.

Allah ya sa a yi biki lafiya, ya kiyaye matafiya na tudu da na ruwa. Sai mako mai zuwa.